Mayar da shafin intanet manhajar kwamfuta: Sauƙin da ke ciki da haɗarin da ba a faye faɗa ba

Duk wanda ya taɓa leƙa fuskar kwamfutar wani akawu a sakatariya, ko ta wani dillalin atamfa a Kantin Kwari, ya san yadda saman burauzarsu yake kasancewa kafin azahar. Shafuka sun jeru reras, kowanne ya matse har ba a iya karanta sunansa: WhatsApp, Gmail, shafin banki, Remita, shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, jaridu biyu, da wani bidiyo da aka buɗe tun safe aka manta da shi. Mai saye yana tsaye yana cewa ya turo kuɗi, mai kaya yana laluben shafin banki a cikin wannan cunkoso, garin sauri sai ya rufe wanda yake tsakiyar cike fom a cikinsa.

Akwai maganin wannan a cikin burauzar da mutum yake amfani da ita kullum, kuma ba a biyan ko sisi. Ana iya ciro shafi guda daga cikin jerin, a ba shi tagarsa shi kaɗai, da tambarinsa a fuskar kwamfuta, ta yadda danna shi kawai za a yi ya buɗe, kamar yadda ake buɗe Word ko Excel. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Sai dai abin da ake cirewa domin shafin ya yi kama da manhaja, wato layin adireshi da ke sama, shi ne kuma babbar shaidar da mutum yake da ita cewa shafin gaskiya yake ciki. Don haka yana da kyau a san abin da ake yi kafin a yi shi.

Abin da ke faruwa a zahiri

Idan aka girka shafi a matsayin manhaja, shafin bai taso daga inda yake ba. Yana nan a kan na'urorin kamfanin da ya mallake shi, kuma burauzar ce dai take ci gaba da ɗauko shi. Abin da ya sauya shi ne burauzar ta tuɓe rigarta: babu layin adireshi, babu jerin shafuka, babu tarin maɓallan da aka saba gani a sama. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da rumfarsa take can cikin kasuwa, aka fasa masa ƙofa ta bakin titi. Kayan ba su ƙaru ba, farashi bai sauya ba, hanyar isa gare shi ce ta gajarce.

Shafuka iri biyu ne a wannan sha'ani. Akwai waɗanda masu su suka shirya su tun asali domin a girka su. Irin waɗannan suna ɗauke da wani ƙaramin fayil da ke gaya wa burauza sunan manhajar, da tambarinta, da shafin da za ta fara buɗewa. Da yawansu kuma suna da wani ɗan shiri da ke aiki a bayan fage, wanda yake adana wasu sassan shafin a cikin kwamfuta domin su buɗe da sauri, wani lokaci ko da babu intanet. Masu sana'ar suna kiran irin waɗannan PWA a taƙaice, kuma YouTube da Outlook suna cikinsu. Alamarsu ita ce wani ɗan hoto da ke fitowa a ƙarshen layin adireshi ta hannun dama yana tayin a girka su.

Sauran shafukan, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba a yi musu wannan shiri ba. Su ma burauza tana iya ba su taga da tambari, amma iyakar abin da za su samu ke nan.

Yadda ake yi

A Chrome, mutum zai buɗe shafin da yake so, ya danna ɗigo uku da ke sama ta hannun dama, ya shiga sashen da aka rubuta “Cast, save, and share”, sannan ya zaɓi “Install page as app”. Za a nuna masa suna, ya gyara idan yana so, ya amince. A Edge, wadda take zuwa tare da Windows, ɗigo ukun a kwance suke. A cikinsu akwai “Apps”, daga nan sai “Install this site as an app”. Masu kwamfutar Apple da ke kan macOS Sonoma ko wanda ya biyo bayansa za su buɗe shafin a Safari, su shiga “File”, su zaɓi “Add to Dock”. Kamfanonin sukan sauya wa waɗannan maɓallai wuri da suna lokaci zuwa lokaci, don haka wanda burauzarsa ta kwana biyu ba a sabunta ta ba zai iya tarar da su a wani lungu daban.

Bayan an girka, tambarin yana shiga jerin manhajojin kwamfutar, ana iya kafe shi a layin ƙasa, kuma ana iya umartarsa ya riƙa buɗe kansa da zarar an kunna kwamfuta. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga wanda WhatsApp ne teburin cinikinsa. A wasu ma'aikatu da bankuna, sashen kula da kwamfutoci yakan toshe damar girka irin waɗannan, kuma ma'aikacin da ya tarar da haka, sashen ya kamata ya tuntuɓa maimakon neman ɓarauniyar hanya.

Tsohon buri ne

Tunanin ya fi shekara goma sha biyar. A watan Yunin 2007, ana dab da fara sayar da iPhone ta farko, Steve Jobs ya gaya wa masu ƙirƙirar manhajoji cewa idan suna son kayansu su hau sabuwar wayar, su rubuta su a matsayin shafukan intanet da Safari za ta buɗe. Ba su ji daɗin maganar ba, kuma bayan shekara guda, a Yulin 2008, Apple ya buɗe App Store, wanda ya zama masa babbar hanyar samun kuɗi. A wannan shekara ta 2007 ce Mozilla, masu Firefox, suka fito da wani gwaji mai suna Prism domin kwamfutoci, wanda aikinsa ke nan kacal: ya ɗauki shafi ya ba shi taga. Lokacin da Google ya saki Chrome a Satumban 2008, ta zo da irin wannan dama a cikinta tun ranar farko, ko da yake mutane ƙalilan ne suka lura.

Abin da ya hana abin karɓuwa a wancan zamani shi ne shafukan kansu ba su da ƙarfin manhaja. Ba sa iya turo sanarwa, kuma da intanet ta yanke sai su mutu. A 2015 ne wani injiniyan Google, Alex Russell, tare da mai zane Frances Berriman suka raɗa wa sabon salon suna, bayan burauzoji sun fara samun dabarun da ke cike wannan giɓi. A Afrilun 2017 Twitter ya fito da Twitter Lite, wanda girmansa bai kai megabait ɗaya ba, domin ƙasashen da data take da tsada kuma layi yake da rauni. Chrome ta kawo cikakken tsarin zuwa Windows a Oktoban 2018, Edge ta bi sahu bayan Microsoft ya sake gina ta a kan injin Chromium a Janairun 2020, Safari kuwa sai a Satumban 2023. Firefox ta yi ta kai-komo: ta watsar da gwajinta a farkon 2021, sannan ta dawo da shi ga masu Windows a Satumban 2025.

Jinkirin Apple bai ba masu bin harkar mamaki ba. Shafin da aka girka kai-tsaye daga burauza ba ya bi ta kantin kowa, ba ya biyan kamasho ga kowa. A Fabrairun 2024 kamfanin ya ma sanar da cewa zai cire wannan dama daga wayoyin iPhone a ƙasashen Tarayyar Turai, yana mai kafa hujja da sabuwar dokar kasuwannin dijital ta ƙungiyar, amma ƙorafi ya yi yawa har ya janye cikin makonni kaɗan.

Manhajojin da asalinsu shafuka ne

Akwai hanya ta biyu, wadda ta kamfanoni ce, kuma mutane da yawa suna amfani da abin da ta haifar ba tare da sun sani ba. A 2013 kamfanin GitHub ya fara wani aiki da daga baya, a 2015, aka sa wa suna Electron. Dabarar ita ce a ɗauki shafin intanet, a haɗa shi da cikakken injin burauzar Chromium, a ƙulle su a ƙunshi guda, a raba wa mutane su sauke kamar kowace manhaja. Slack da Discord da Signal na kwamfuta da Visual Studio Code duk a kan wannan aka gina su. Ribar kamfani a bayyane take: rukunin ma'aikata guda ya rubuta abu sau ɗaya, ya yi aiki a Windows da Mac da Linux.

Mai kwamfuta ne yake ɗaukar nauyin wannan sauƙi. Kowace irin wannan manhaja tana zuwa da burauzarta, don haka wanda ya buɗe uku tamkar ya kunna burauza uku ne a lokaci guda. Kowacce takan haura megabait 100 a ma'ajiyar kwamfuta, kuma kowacce tana sauke sabuntawarta daban. A kan sabuwar kwamfuta ba a ji, amma a kan tsohuwar kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, irin waɗanda suka cika shaguna da ofisoshi, fanka takan fara kuka kuma batir ya zube da wuri. Shi kansa Microsoft ya sauke Teams daga kan Electron a 2023, ya mayar da ita kan injin Edge da ke cikin Windows, yana mai cewa hakan ya rage mata nauyi. Ga mai tsohuwar kwamfuta, idan abu yana da shafin intanet mai aiki sosai, girka shafin ta burauza yakan fi sauke manhajar kamfanin sauƙi, domin duk shafukan da aka girka injin burauza guda suke rabawa. Inda manhajar kamfani ta fi shi ne wuraren da ake buƙatar shiga cikin kwamfutar sosai, misali wasu na'urorin ɗaukar zanen yatsa da na buga rasit da ba sa aiki sai da nasu shirin.

Batun data da yankewar layi

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace dabara da aka ce tana rage cin data tana samun masu saurare. A nan gaskiyar ba ta da daɗi sosai. Girka shafi ba ya cin data a-zo-a-gani, domin ba wani babban fayil ake saukewa ba. Amma bayan an girka, bidiyon YouTube zai ci abin da ya saba ci, hotunan WhatsApp ma haka. Hasali ma, manhajar da aka umarta ta riƙa buɗe kanta da safe tana iya shan data a ɓoye, musamman ga mai haɗa kwamfutarsa da wayarsa.

Aiki ba tare da intanet ba kuwa ya danganta ne ga masu shafin. Gmail tana da zaɓin da ake kunnawa a saitinta domin karanta wasiƙu da rubuta amsa ko da layi ya ɗauke, a tura idan ya dawo. Google Docs ma yana yi, bayan an ƙara wa burauza wani ɗan ƙari na kamfanin kuma an kunna zaɓin tun ana da intanet. Shafin banki da na biyan kuɗin gwamnati ba za su taɓa yin haka ba, kuma bai kamata su yi ba, tunda kowace mu'amala sai an tabbatar da ita daga can. Tambari a fuskar kwamfuta ba ya gyara shafin da ya tsaya saboda cunkoso a ranar ƙarshe ta biyan haraji.

Layin adireshin da ya ɓace

Shekara da shekaru bankuna suna jan kunnen abokan hulɗarsu da su duba adireshi kafin su rubuta lambar sirri. Dalili shi ne ɗan damfara yana iya kwaikwayon komai na shafin banki, launi da tambari da rubutu, amma ba ya iya sa burauza ta nuna adireshin bankin alhali shafinsa ne a buɗe. Kama da wane ba ta wane, kuma layin adireshi ne yake raba su. To a tagar manhaja wannan layi babu shi.

Masu kutse sun lura da haka. A Yunin 2024 wani mai binciken tsaro da ke amfani da sunan mr.d0x ya nuna a fili yadda za a yaudari mutum ya girka shafin bogi a matsayin manhaja, sannan shafin ya zana hoton layin adireshi na ƙarya a samansa, ɗauke da adireshin gaskiya na kamfanin da ake kwaikwaya. Mai kallo zai ga abin da ya saba gani, ya saki jiki, alhali hoto ne kawai. Bayan wata biyu, a Agustan 2024, kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton cewa an yi amfani da irin wannan dabara a kan wayoyin abokan hulɗar bankuna a Jamhuriyar Czech da Hungary da Jojiya. Ana turo musu saƙo, ko a kira su, ko su ga talla a Facebook da Instagram, ana cewa manhajar bankinsu ta tsufa su sabunta. Da yake shafi ne ake girkawa ba fayil ba, wayar ba ta fito da gargaɗin da ta saba fitarwa idan za a girka abu daga wajen kantin manhajoji.

Wannan rauni kuma, idan aka juya shi, shi ne babban amfanin abin. Mutum yakan faɗa shafin bogi ne ta hanyoyi sanannu: ya yi kuskuren harafi wajen rubuta adireshi, ko ya nemi sunan bankinsa a Google ya danna tallar da ta fito a sama, ko ya bi mahaɗin da aka turo masa ta WhatsApp ko imel. Wanda ya zauna sau ɗaya cikin natsuwa, ya rubuta adireshin bankinsa da hannunsa daga takardar banki ko bayan katinsa, ya duba harafi bayan harafi, sannan ya girka shafin, ya rufe waɗannan hanyoyi duka. Daga ranar ba ya rubuta adireshi, ba ya nema, tambarinsa kawai yake dannawa. Ga dattijon ɗan kasuwa da Turanci yake ba shi wahala, wannan kariya ce ta gaske, muddin wanda ya girka masa amintacce ne kuma ya yi a gabansa.

Ke nan tambayar da ta fi muhimmanci game da kowane tambari a fuskar kwamfuta ita ce wane ne ya sa shi, kuma daga wane adireshi. Shafin da mutum ya je da ƙafarsa ya girka daban yake da wanda ya yi masa sallama ta saƙo yana roƙon a girka shi. Haka nan fayilolin da ake yawo da su a filashi ko a zaurukan WhatsApp da sunan manhajar kwamfuta ta wani banki ko wata hukuma: akwai shirye-shirye na kyauta da kowa zai iya naɗe kowane shafi da su ya mayar da shi fayil mai girkuwa, kuma wanda ya naɗe yana iya cusa abin da zai kwashe duk abin da aka rubuta a ciki. Ko da niyyarsa tsarkakakkiya ce, injin burauzar da ke cikin ƙunshin ba ya sabunta kansa, sai ya tsufa da duk ramukan da aka gano a jikinsa.

Burauzojin sun bar wasu alamu ga mai lura. A Chrome da Edge, tagar manhaja tana da ɗigo uku nata a sama, kuma idan aka danna su ana ganin ainihin adireshin shafin, wanda shafi ba ya iya taɓawa; daga nan ma ana iya mayar da shi cikin burauza a duba shi da kyau. Idan kuma shafin ya tura mutum wani adireshi daban, kamar yadda ake yi wajen biyan kuɗi da kati, wani siririn layi yakan fito a sama yana nuna inda aka koma. Cikakken layin adireshi irin na burauza, mai maɓallan gaba da baya, idan ya bayyana a cikin tagar manhaja, abin zargi ne.

Kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa

A ofisoshi da yawa kwamfuta guda ce take yi wa mutum huɗu ko biyar aiki, a shago kuma yaran shago suna hawa idan maigida ya tafi masallaci. A Chrome da Edge, shafin da aka girka yana amfani da shigar da aka riga aka yi a burauza. Idan maigida ya shiga Gmail ɗinsa bai fita ba, duk wanda ya danna tambarin ya shiga akwatinsa, kuma rufe taga ba fita ba ne. Safari ta ɗan bambanta: tana kwafe shigar a lokacin girkawa, daga nan manhajar ta riƙe nata daban, don haka fita daga shafin a burauza ba ya fitar da mutum daga manhajar.

Mafita mafi inganci ita ce kowa ya sami asusunsa na Windows da kalmar sirrinsa. Burauza ma tana ba da damar buɗe bayanin mai amfani fiye da ɗaya, kowanne da manhajojinsa, kuma da wannan ne mai lambar WhatsApp biyu, ta gida da ta kasuwa, zai iya ajiye tambari biyu a gefen juna. Amma wannan rabuwa ta tsari ce kawai, ba ta da makulli. Wanda ya zauna a gaban kwamfutar yana iya buɗe kowanne. WhatsApp yana barin a haɗa na'urori huɗu da lamba guda, kuma a cikin wayar akwai jerin na'urorin da aka haɗa, inda mutum zai iya korar wadda bai gane ba ko wadda ya bari a tsohon ofishinsa.

Akwai kuma batun tsufan kwamfutar kanta. Chrome ta 109, wadda ta fito a farkon 2023, ita ce ta ƙarshe da take aiki a Windows 7 da 8.1, kuma Edge ma a nan ta tsaya. Shafin banki da aka girka a irin wannan kwamfuta zai buɗe, zai yi kyau a ido, amma injin da ke ƙarƙashinsa ya daina samun gyaran tsaro tun lokacin.

Cire manhajar ba shi da wuya. A cikin ɗigo ukun tagarta akwai zaɓin cirewa, kuma rubuta chrome://apps ko edge://apps a layin adireshi yana nuna duk waɗanda aka girka a wuri guda, har da waɗanda mutum bai tuna ya girka ba. Wajen cirewa burauza takan tambaya ko a goge bayanan shafin tare, kuma ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ko ɗan kasuwar da zai kai kwamfutarsa wurin mai gyara ko ya sayar da ita, sai ya fita daga kowane asusu tukuna, sannan ya sa alama a wannan akwati kafin ya danna cirewa.